Ƙafa a Waje, Cibiya a Cikin Badala

Ina gaida na gida. Ina gaida na bakin kasuwa. Ina gaida direban da ke bisa hanya. Sai gaisuwa ta musamman ga masu jin mu ta waya daga nesa: na Jidda da Makka, na Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, na Dubai, na Landan, da na ƙasar Sin. Yau shirin naku ne, ku da 'yan'uwan da kuka baro a gida.

Zancenmu a kan Bakanon cikin birni ne, wanda neman abinci ko neman ilimi ya fitar da shi ƙasar waje. An binne cibiyarsa a Yakasai, ko Mandawari, ko Madabo, ko Zage. Amma yau a wata ƙasa yake kwana, a wata ƙasa yake tashi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, wanda ƙafarsa ba za ta kawo shi ba fa? Wanda tsakaninsa da soron gidansu sai biza da kuɗin jirgi? Da me zai riƙe zumuncin?

Da abu biyu. Da labari, da amana. Labari na gaskiya, daga can zuwa nan, daga nan zuwa can. Da amanar da aka rubuta, aka kafa mata shaida. Ku riƙe waɗannan biyun, don za ku yi ta jin su a bakina. Labari, da amana.

Bari mu fara da waiwaye, kada wani ya ɗauka fita waje sabon abu ne ga Bakano.

Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Su labta wa jakuna baƙin rini da kanwa da jemammiyar fata, su komo da goro. Madugu ke jan ayari. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani zubin shekara cur. Babu waya. Matar falke tana cikin birni, ba ta da abin jira sai wani ayarin ya sauka da labarin mijinta. Wasu kuma in sun je sun tafi ke nan. Su yi aure a zango, su hayayyafa.

Cikin waɗanda suka je suka zauna akwai wani malami da ya kamata ɗan Kano ya san sunansa, Alhaji Umaru Salaga. An haife shi a Kano wajen 1858. Ya bi mahaifinsa fatauci tun yana yaro. A 1892 ya tare a Salaga. A shekarar ce yaƙin basasa ya tarwatsa garin, daga baya ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, can kuma ya rasu a 1934. Shekara 40 da ɗoriya a ƙasar wasu. Amma in ka duba cikakken sunansa a rubuce-rubucen malamai, za ka ga al-Kanawi, wato Bakano. Da wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ya nemi ya bayyana masa yadda ƙasar Hausa take, sai ya zauna ya zayyana masa da ajami. Kasuwanni, sana'o'i, zaman jama'a, duk daga abin da ya baro a gida.

Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina game da malamin nan. Tun yana saurayi, wajen 1877, ya haɗa ɗan littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ku tsaya ku yi tunani. Me zai sa mutanen fatauci su buƙaci littafin koyon wasiƙa? Saboda wanda ke Gwanja yana da uwa a Kano. Yana da abokin ciniki a kasuwar Kurmi. Yana bin bashi, ana bin sa. Saƙon baki yana canzawa a hanya. Takarda kuwa yadda aka rubuta ta haka za ta isa. Kun ji ko? Labari, da amana a rubuce. Tun wancan zamani.

Alhassan Ɗantata ma ɗan wannan hanya ne. An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifiyarsa ta zauna a Ankara, shi ma ya bi ta can, ya yi cinikin goro har yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, harkar gyaɗa ta buɗe, sai ya zauna a Ƙoƙi. Shi ya fita, ya kuma dawo da abin da ya samo.

Akwai kuma hanyar gabas. Alhazan da suke tafiya Makka a ƙasa, su shekara da shekaru a hanya, suna tsayawa suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa can, har aka kafa garin da ake kira Mai Wurno. Wasu suka zarce Hijaz. Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2018 ya ga 'yan wasan Saudiyya har uku masu sunan Hausawi. Jikokin masu wannan tafiya ke nan.

To, mu baro tarihi. Kashi na biyu, mu leƙa yadda ɗan'uwanmu na waje yake wuni.

Mutumin waje agogo biyu gare shi. Ɗaya a hannu, ɗaya a ka. Na hannu na garin da yake. Na ka na Kano ne. Jidda ta riga mu da awa 2. Dubai da awa 3. Ƙasar Sin da awa 7. Gana tana bayanmu da awa 1. New York ta Amurka tana bayanmu da awa 5, a lokacin sanyinsu kuma awa 6.

Me ya sa na kawo wannan lissafi? Ga dalili. Umma ta idar da sallar asuba, ta gama lazimi, ƙarfe 6 ta yi. Ta ce wa autanta, kira mini yayanka. Aka kira, ba a ɗaga ba. Aka sake, shiru. Sai ranta ya sosu. Ta ce, oh, yaron nan yanzu ya fi ƙarfin ɗaga wayata. Alhali a inda yake ƙarfe 1 na dare ne, kuma bai daɗe da dawowa daga aiki ba. Iyayenmu mata, don Allah a riƙa tambaya: can ƙarfe nawa? Kai kuma na waje, ka tsayar wa mahaifiyarka rana da lokaci. Ko Juma'a bayan la'asar ta Kano, ko Lahadi da hantsi. Ta san ranarta ce. Ka tsayar, kuma ka cika.

A da, gaisuwa ta rediyo take bi. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, ga kuma filayen zaɓi-sonka na gidajen rediyonmu na gida. Mutum yana Kumasi ya aiko kati, a karanto sunan mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya. Aka zo zamanin kaset. A taru a tsakar gida, a danna rikoda, kowa ya yi magana, har jariri a matsa shi ya yi kuka don babansa ya ji. A ba alhaji mai tafiya ya kai. Wayar salula ba ta zo mana ba sai 2001. Yau kuwa ga WhatsApp. Zauren gida daban, na unguwa daban, na 'yan aji ɗaya a Kwalejin Rumfa daban. Amma ku duba wani abu. Kaset ɗin nan na awa guda labari ne zalla. Wa ya haihu, wa ya yi aure, wa ya sauke Alƙur'ani, rijiyar gida ta ƙafe ko ba ta ƙafe ba. Saƙon yau fa? Sau da yawa layi biyu ne, na biyun kuma lambar asusu ce.

Inda kewa ta fi cin mutum shi ne azumi da Sallah. A shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni, na Landan sun riƙa kai sama da awa 18 ba ci ba sha, mu nan muna wajen 14. Ba mai kiɗa gwangwani ya tashe ka sahur. Ba yara masu tashe. Ba maƙwabcin da zai aiko da kunun tsamiya da ƙosai. Ranar Sallah ma a ƙasashe da yawa ranar aiki ce. Mutum ya je idi da babbar riga, ya cire ta a mota, ya sa kayan aiki. Wani lokacin ma ranar ba ta zo ɗaya da tamu ba, don mu sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, su kuma ta inda suke. Washegari, a lokacin hutun cin abinci, ya fito da waya yana kallon Hawan Daushe. Sarki ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu, mahaya suna jafi. Hawan nan da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Abokin aikinsa ya leƙo ya ce, wannan fim ne? Ya ce a'a, bayan gidanmu ne.

Akwai wani abu kuma da na waje ba ya cika lura da shi. Kanon da ke kansa ta tsaya ne a ranar da ya tafi. Wanda ya fita kafin 2013 har yanzu a ransa ɗan acaɓa ne zai kai shi Kurmi. An hana acaɓa tun farkon waccan shekarar, adaidaita-sahu ta gaje shi. Bai san gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ba. Bai san kududdufin bayan gidansu an cike shi an yi shaguna ba. Badalar da ya hau yana yaro, wadda aka fara gina ta tun zamanin Sarki Gijimasu, a wurare da dama sai dai a nuna masa inda take a da. Farashin da ke kansa ma na da ne. Shi ya sa labari yake da muhimmanci. In ba ku gaya masa yadda garin ya koma ba, da tsohuwar Kano zai riƙa yi muku lissafi.

Wannan ya kawo mu kashi na uku, wanda ya fi kowane zafi. Kuɗi.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 gida a shekara. Kuɗi ne masu yawan gaske. Amma aikowar ma da tsadarta. A lissafin bankin, ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara su suka fi ko'ina tsadar aiken kuɗi, kusan kashi 8 cikin 100. Ma'ana, in ɗanka ya aiko dala 200, wajen dala 16 ta tafi a ladan aike da bambancin canji. Majalisar Ɗinkin Duniya na son a sauko da wannan ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Kafin nan, ga dabara. Yawancin hanyoyin aike suna da ladan da ba ya sauka ko kuɗin kaɗan ne. Don haka aike ɗaya a wata ya fi ƙananan aike biyar. Kuma a kwatanta farashi kafin a tura. Abin da za a duba shi ne naira nawa za ta shiga hannun Umma a ƙarshe. Wannan shi ne ma'auni.

Da yawa kuma ta hannun 'yan canji suke bi. Ka ba wani riyal a Jidda, ɗan'uwansa ya ba ƙaninka naira a Wapa, nan Fagge. Hanya ce tsohuwa, kuma kan yarda take tafiya. Sai dai ranar da aka samu saɓani, ba rasit, ba shaida. In za ka bi ta, ka bi ta wurin mai rajista, kuma ka ajiye shaidar kowane aike.

Yanzu ku saurari wannan hira, ku gaya mini ko ba ku taɓa jin irinta ba.

“Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni? Ya aiki? Ya sanyi?”

“Lafiya lau. Ya su Umma?”

“Kowa lafiya. Dama, Yaya, wata 'yar matsala ce ta taso.”

Gaisuwar ba ta kai minti ɗaya ba. Yaya kuwa tun da ya ga lambar gida gabansa ya faɗi. Ya san inda za a je. Wata rana sai ya daina ɗagawa. A gida a ce ya yi kuɗi ya manta da mutane.

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Wanda ke Saudiyya yana biyan kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama. Yana ƙarƙashin kafili, wato wanda ya tsaya masa, kuma zamansa a ƙasar a hannun wannan mutumin yake. In takarda ta mutu, kullum yana cikin fargabar tarhil, wato a kama shi a dawo da shi gida da kayan jikinsa. Wanda ke Ingila, kuɗin haya kaɗai kan cinye babban kaso na albashinsa, ga haraji, ga kuɗin ɗumama ɗaki. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Sai mu nan muke jin adadin ya yi girma. Mun manta shi can ba da naira yake sayen burodi ba.

Amma kai ma na waje da naka laifin. Ka je ka tsaya jikin motar da ba taka ba, ka ɗauki hoto, ka sa a Facebook. Ka zo Sallah ka yi rabon da ya fi ƙarfinka, ka koma da bashi. Ka ɓoye cewa gadi kake yi, ko wankin mota, ko ɗaukar kaya a sito. Sana'a ce, ba abin kunya ba ce. Kai ka nuna musu kana cikin daula, sannan ka ji haushi don sun roƙe ka? Ka ba su labari na gaskiya. Ka ce, Umma, ga abin da nake samu, ga abin da nake kashewa, ga abin da zan iya duk wata. Ku kuma na gida, ku riƙa kiran da ba roƙo a ciki. Ku kira don ku ce an yi ruwa jiya. Ku kira don ku ce 'yar Baffa ta haihu. Kira uku na labari, kafin ɗaya na buƙata.

Sai babbar magana, maganar gini. Wa bai san labarin ba? Mutum ya shekara 10 yana turo kuɗi a gina masa gida a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi. Ana turo masa hoto. Ranar da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ya ce a kai shi, sai a fara kame-kame. Ashe hoton ginin maƙwabci ne. Daga nan sai kotu, sai gaba, sai 'yan uwa ɗaya uba ɗaya su daina gaisawa.

Ba kullum ne mugunta ke jawo haka ba. Wani lokacin rashin lafiya ce ta taso, aka taɓa kuɗin da niyyar a mayar. Wani lokacin siminti ne ya tashi, aka ji nauyin faɗa. Maganin dai ɗaya ne: a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. To don me za mu ji kunyar rubutu tsakanin wa da ƙani? A raba aljihu. Kuɗin cefanen Umma daban, kuɗin gini daban. Wanda ke riƙe da kuɗi daban, wanda ke zuwa duba aiki daban. A yanka wa wakili ladansa a fili, don wahala yake yi, kuma wanda aka ba lada ana iya tambayarsa lissafi. Fili kuma a saye shi da sunan mai shi. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni a hannun gwamna take, kuma takardar shaidar mallaka daga gwamnati ita ce hujja mafi ƙarfi. A je ma'aikatar ƙasa a bincika kafin a biya. A sa mai unguwa da maƙwabta su shaida. In za ka wakilta wani ya sa hannu a madadinka, a yi takardar wakilci wurin lauya, a faɗi abin da aka wakilta shi a kai, da inda ikonsa ya tsaya. Amana, a rubuce, da shaida.

Kada kuma sabon gini ya sa a manta da tsohon gida na cikin birni. Gidan gado, ginin ƙasa, wanda kakanku ya gina da tubali da azara. Irin wannan gida kullum yana son hannu. Kafin damina a hau soro a duba. A share bakin indararo. A toshe tsaga. A duba azara ko gara ta shige ta. A yi yaɓe. Magina na da suna shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, su kuma yi wa bango makuba. Yau an fi shafa siminti a kan ƙasa. Siminti kuwa in ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya fita. Bango ya yi ta jiƙa a ɓoye, sai a wayi gari cikin ruwan Agusta ya zauna. Sau nawa na waje ya aiko da kuɗin ragon layya, alhali indararon ɗakin Gwaggo ya karye tun bara, ba wanda ya gaya masa? Da an gaya masa, da ya fi son ya gyara. A watan Afrilu ake wannan magana, ba a watan Agusta ba.

Kashi na huɗu gajere ne, amma ku buɗe kunne. Saƙo.

Duk mai tafiya waje ya san jakarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu, turaren wuta, hula zanna. Gurasar Jakara ce kawai ba ta jure tafiya, shi ya sa na waje ke mafarkin bandashe. Amma kowace ƙasa da dokarta. Ingila da Amurka ba sa barin matafiyi daga nan ya shiga da nama, don haka kilishi da dambun nama a filin jirgi za a ƙwace su. Saudiyya ta hana shiga da goro, kuma hukuncinta a kan miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. Kun tuna ɗalibar nan da aka kama a Madina a ƙarshen 2018, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Don haka kada ka karɓi ƙullin da ba a buɗe a gabanka ba. Ko na wa ne. Ka ƙirga jakunkunanka, ka riƙe 'yar takardar kowace jaka. Ke ma mai ba da saƙo, ki buɗe da kanki, kada ki sa ɗan mutane jin nauyin tambaya.

Kashi na biyar, rashin lafiya da rasuwa.

A Kano ba a jinkirta gawa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi Ɗandolo ko wata maƙabartar. Babu jirgin da zai kawo ɗansa daga Landan ya samu jana'iza. Wannan na waje ya sani, kuma shi ne abin da ke hana shi barci. Abin da ke hannunmu shi ne abin da ya gabaci rasuwar. Muna da al'adar ɓoye ciwo. A ce kada a tayar masa da hankali. Baba yana kwance wata 2, ana ce wa ɗansa ai jiki da sauƙi. Ranar da aka kira shi da kuka, ya rasa uba, ya kuma rasa damar neman gafara. Wannan ba tausayi ba ne. Ku gaya masa. In zai iya zuwa ya zo. In ba zai iya ba, a kara wa Baba waya a kunne, su yafi juna.

Wani lokacin kuma mu ne na nesa. Da Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dabi a ƙarshen Yunin 2025, a Madina aka binne shi. A Kano sai aka yi masa salatul ga'ib, wato sallar gawa ba tare da gawar tana wurin ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan salla, don haka kowa ya tambayi malaminsa. Abin da ba saɓani a kansa shi ne addu'a, da sadaka, da biyan bashin mamaci, da kyautata wa abokansa. Duk waɗannan ana yin su daga ko'ina. In an zo rabon gado kuma, kason wanda ba ya nan haƙƙinsa ne. A sanar da shi, ya naɗa wakili, a rubuta.

Kashi na ƙarshe, yara da takardu.

A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar ƙasar. Cikin waɗanda suka kwaso kaya har da mutanen da a zango aka haife su, ba su taɓa ganin Najeriya ba. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka yi ta faman kwaso ɗalibanmu ta kan iyakar Masar. Zaman ƙasar wani ba shi da tabbas. Wanda ya san sunan unguwarsu da ƙofar gidansu, ya san inda zai dosa.

Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Kuma wanda ya samu ɗan-ƙasanci ta haihuwa ba ya rasa shi don ya karɓi na wata ƙasa. To a yi wa yara fasfo. A yi musu lambar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN, don yanzu ba a yin fasfo sai da ita. Ana yin su a waje, ba sai an zo gida ba. A 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar samun lambar banki ta BVN daga ƙetare. Akwai kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, wadda aka yi dokarta a 2017. Zaɓe ne dai har yanzu ba a jefa ƙuri'a daga waje.

Takarda dai ofis ke ba da ita. Harshe kuwa a gida ake samun sa. Yaron da aka haifa a Landan ko Jidda zai iya Turanci ko Larabci ko ba ka koya masa ba, makaranta da titi za su yi wannan aikin. Hausa ce ba mai ba shi sai kai. In ya yi maka magana da Turanci, ka amsa da Hausa. Ka koya masa gaisuwa, da durƙusawa, da wa ake ce wa Baffa, wa ake ce wa Kawu. Ku kuma kakanni, ga aikinku. Jika ya ce “ina kwana” da karkataccen harshe, kada a fashe da dariya a tsakar gida. In aka yi masa dariya sau ɗaya, ya rufe baki ke nan. Hajiya, ki sa a danna miki wayar, ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a tura. Minti 5 ya isa, ko sau ɗaya a mako.

In kuma Allah ya kawo su hutu, kada a ajiye su a otal ko a wani gida a unguwar Nasarawa, a riƙa kawo su cikin birni awa guda kamar baƙi. Su kwana a gidan. A hau da su Dala su ga garin daga sama. A kai su marinar Ƙofar Mata. A zaga da su gidajen dangi a ƙafa, lungu-lungu, a kai su su gaida mai unguwa da limamin masallacin ƙofar gida, a ce wannan ɗan wane ne, jikan wane.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Na gida, a gaida na waje in an yi waya. Na waje, a gaida iyali. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.